DARASI: RUWAN SAMA DA DAƁEN SIMINTI A ƘOFAR GIDA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ke saukar da ruwa daga sama, Ya raya ƙasa da shi bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, darasinmu na yau a kan wani abu ne da yawancin mutane ba su ɗauka da muhimmanci sai damina ta sauka, watau ruwan saman da ke malalowa daga daɓen siminti na gida, musamman daɓen da mota ke bi daga bakin titi zuwa cikin gida. A cikinku akwai birkila, akwai lebura, akwai wanda ya yanki fuloti yana tara bulo, akwai kuma wanda idan an yi ruwa da tsakar dare shi uwa za ta tasa ya fita da bokiti. Saboda haka maganar ta shafi kowa. Abin da muke so ku riƙe shi ne: duk ruwan da ya sauka a haraba taka, kai ke da alhakin sanin inda zai tafi, kuma wajibi ne ka san haka tun kafin a kwaɓa siminti. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

YAWAN RUWAN DA AKE MAGANA

Bari mu fara da lissafi, domin mutum ba ya jin tsoron abin da bai san girmansa ba. Idan aka yi ruwa mai zurfin milimita 1, kowace murabba'in mita 1 ta karɓi lita 1. Ruwan inci 1, watau milimita 25, ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa cikin watan Agusta, sau da yawa ma cikin sa'a guda yake zuba. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana da murabba'in mita wajen 465. To, ruwan inci 1 a kan wannan fuloti ya haura lita 11,000, watau kusan duro 60 na lita 200.

Ina wannan ruwa ke tafiya? Idan fili ne mai yashi da ciyawa, ƙasa ke shanye mafi yawansa, abin da ke gudu da ƙyar ya kai kashi 20 cikin 100. Amma kwano da kankare ba su shan ruwa. Kashi 80 zuwa 95 cikin 100 na abin da ya sauka kansu gudu yake yi, kuma da sauri, don babu abin da zai tare shi. Ke nan ranar da mai gida ya rufe ɗakuna da kwano, ya shafe tsakar gida da siminti har bakin ƙofa, ya mayar da gidansa kamar faranti. Duro 10 da fulotin ke fitarwa a da sun zama 50, kuma duk ta ƙofa ɗaya za su fito cikin ɗan lokaci.

Yanzu ka ƙirga gidajen layinku. Idan gida 20 suka yi haka, ka ga dalilin da ya sa layin da a da ake bi da takalmi bayan ruwa, yau sai an naɗe wando. Daɗin daɗawa, iyayenmu sun bar wa ruwa masauki. A birnin Kano da sauran tsofaffin garuruwa, ramukan da aka haƙi ƙasar gini su suka zama kududdufai, su ke karɓar ruwan unguwa. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai. Ruwan ya ƙaru, masaukinsa ya ragu, don haka yake shiga ɗakin wanda gidansa ya fi kwari.

WANDA AKE CUTA

Na farko shi ne maƙwabci. Sau da yawa mai hali yakan cike fulotinsa da marmara ya ɗaga shi ƙafa 2 ko 3 bisa na maƙwabta, sa'an nan ya karkata daɓensa zuwa gindin katangar da ke tsakaninsu. In katangar ta ƙasa ce, ruwa na jiƙa gindinta yana zaizaye ta a hankali har ta zauna. Kowace damina muna jin labarin bangon da ya faɗa wa mutane suna barci. In ta bulo ce, danshi zai hau, fenti ya ɓare, ɗaki ya riƙa wari, tabarma da buhun hatsi su yi fumfuna.

Na biyu su ne masu bin hanya. Ruwan da ya taru ya fito da ƙarfi ta ƙarƙashin ƙofa yana tone layin da ba kwalta, yau ɗan rami, baɗi kwazazzabo. Mai kura, da mai baro, da tsohon da zai tafi masallaci da asuba, su ke biyan kuɗin daɓen da ba su ci moriyarsa ba. Inda kuma ruwan ya kwanta, sauro ya sami gida. A lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, kuma kun san abin da zazzaɓin cizon sauro ke yi wa yara ƙanana da mata masu ciki.

Na uku shi ne mai gidan kansa. Ruwan da ke kwanciya jikin bango yana ratsawa zuwa harsashin gini. Wanda ya sami tsaga a daɓe yana shiga ƙarƙashi ya kwashe yashi, rannan sai mota ta hau, daɓe ya lotsa.

MATSAYIN SHARI'A A TAƘAICE

Kada wani ya zaci wannan magana ce ta injiniyoyi kaɗai. Haƙƙin maƙwabci sananne ne a Alƙur'ani da Sunna, haka nan kawar da abin cutarwa daga hanya. Ka'ida ce tabbatacciya wajen malaman fiƙihu cewa ba a cuta, ba a rama cuta da cuta, kuma cutar da ta auku ana gusar da ita. Sun yi babi a kan magudanar ruwa da indararo. A ƙarni na 14 na Miladiyya, a birnin Tunis, an yi wani magini Bamalike mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya kuwa rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen bango, da hanya, da magudana.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fahimta abu biyu ne. Idan ruwan sama ya saba bi ta wata hanya tun asali, daga tudu zuwa gangare, wanda ke ƙasa ba shi da ikon toshe ta ya mayar da ruwa cikin gidan na sama. Haka kuma wanda ke sama ba shi da ikon ƙirƙiro sabuwar cuta, kamar ya buɗe sabuwar rariya ko ya juya indararo zuwa gidan wani ba da yardarsa ba. Mallakar fili ba ta halatta maka cutar da wanda ke jikinsa.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya bi da wata 'yar magudanar ban ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Da ƙara ta kai ga Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ga cewa ruwan zai amfani mai gonar kuma ba zai cuce shi ba, sai ya tilasta a bi da shi. Malamai sun yi saɓani ko alƙali zai yi hukunci da tilastawa a kowane hali irin wannan, amma darasin a fili yake: in maƙwabcinka ba shi da mafitar ruwa sai ta gefenka, kuma bututu zai wuce ba tare da ya ɓata maka komai ba, hana shi ba halin kirki ba ne. Ku zauna ku yi yarjejeniya, a rubuta, a sa shaidu, saboda magada.

KAFIN A ZUBA KANKARE

1. Ka kalli ruwa da idonka. In an yi ruwa mai ƙarfi, fita ka tsaya ka ga ta ina yake shigowa, ina yake kwanciya, ta ina yake fita. Abin da za ka gani cikin minti 10 ya fi abin da za a yi ta gardama a kai da rani.

2. Ka rage faɗin daɓe. Mota ba ta bukatar a shafe tsakar gida duka. Layi biyu na kankare daidai inda taya ke bi, a zuba tsakuwa a tsakaninsu, sun wadatar, kuma ka rage kuɗin siminti. Intalok da aka jera kan yashi yana barin wani abu ya nutse ta tsakankaninsa, ko da yake ba duka ba. In kuwa aka shimfiɗa shi kan kankare, ko aka like tsakaninsa da siminti, shi da daɓe duk ɗaya.

3. Ka ba daɓe gangare. Ma'aunin da aka saba shi ne inci 1 a kowace ƙafa 4, watau santimita 2 a kowace mita. Daɓe mai tsawon ƙafa 20 zai sauka da inci 5 ke nan. Gangaren ya kauce wa bangon ɗakinka, ya kauce wa katangar maƙwabci. Ya kai birkila, kada ka auna da ido. Kafa turaku, ja igiya, ka gwada da siririn tiyo mai ruwa a ciki, domin ruwa ba ya ƙarya wajen nuna tudu da kwari.

4. In akwai wuri, ka karkata daɓen zuwa gefe ɗaya inda ka bar ƙasa, maimakon ka miƙar da shi zuwa titi. Bar tsiri mai faɗin ƙafa 2 ko 3, ya ɗan yi ƙasa da daɓen, a zuba tsakuwa ko a shuka wani abu. Zogale, ko lemun tsami, ko gwaiba za su sha ruwan su biya ka. Amma kada wannan tsiri ya zama a gindin bangon kowa, kuma kada a dasa babbar bishiya kusa da gini saboda saiwa.

5. Daɓen da mota za ta hau kada kaurinsa ya gaza inci 4, a kan ƙasar da aka daddaɓe sosai. A tsaga masa layi kowace ƙafa 10 ko kusa da haka, don in zai tsage ya bi layin. A yi ta ba shi ruwa har kwana 7. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka shi ma ruwa.

TARE RUWAN KWANO TUN DAGA SAMA

A gidaje da yawa, mafi yawan ruwan da ke gudu kan daɓe daga rufi ya zubo. Rufi mai murabba'in mita 100 yana zubar da lita 2,500 a ruwan inci 1, jarka 100 ke nan ta lita 25. Ka tuna nawa kake sayen jarka wajen mai kura a watan Afrilu. Abin mamaki ne mutum ya bar wannan ni'ima ta tafi ta rushe katangar wani, gobe kuma ya fita neman ruwan wanki. Sa mazurari a bakin kwano, ka ja bututu zuwa tanki ko duro. Ruwan farko a bar shi ya zube, don yana ɗauke da ƙura da kashin tsuntsaye. A rufe tankin ruf saboda sauro da yara. In za a sha, a tafasa. Sa'an nan a yi wa tankin bututun da zai fitar da rara zuwa wurin da aka tanada, domin tanki na cika, sama kuwa ba ta tsayawa don ya cika.

RAMIN SHANYE RUWA

Wannan rami ne da ake haƙawa don ruwa ya taru ya nutse a hankali. Kafin ka haƙa, gwada ƙasarka. Tona ɗan rami ƙafa 1 faɗi, ka kai shi zurfin da kake nufi, ka cika shi da ruwa ya shanye, ka sake cikawa. In ruwan ya tafi cikin 'yan sa'o'i, ƙasar ta yi. In ya kwana ya wuni yana nan, ƙasar laka ce, ko kuwa ruwan ƙasa na kusa, to wannan dabara ba taka ba ce.

Ga misali. Daɓen mota mai ƙafa 12 da 30 yana tara wajen lita 850 a ruwan inci 1, duro 4 da 'yan kai. Rami mai ƙafa 4 tsawo, 4 faɗi, 4 zurfi yana ɗaukar lita 1,800 in babu komai a ciki. Idan ka cika shi da duwatsu, kashi ɗaya cikin uku kawai zai ɗauka, wajen lita 600, domin dutse ya cinye sauran wurin. Saboda haka ko dai ka ƙara girman ramin, ko ka gina gefensa da bulo kana barin 'yan ƙofofi tsakani, ka rufe da murfin kankare mai rodi.

Sharuɗɗansa huɗu ne. Ya nisanci kowane gini, naka da na maƙwabci, da kamar ƙafa 16, watau mita 5. Ya nisanci rijiya, kuma in akwai rijiya a gidan kada a bari baƙin mai ko ruwan wankin inji su shiga ramin. Ya kasance a rufe da abin da yaro ba zai iya ɗagawa ba. Na huɗu, wanda ya fi kowanne, kada a kuskura a haɗa ruwan sama da ramin masai. Masai zai cika ya tumbatsa, najasa ta bi layi, ta shiga rijiyoyi, daga nan sai amai da gudawa. Wannan ɓarna ce ga lafiya, ɓarna ce ga tsarkin mutane.

IN AN RIGA AN ZUBA DAƁEN

Da yawanku za su ce, malam, ai namu an riga an yi. To, ba sai an farfashe duka ba. Ga abin da ake yi.

Idan ruwan na fita ta ƙofa da ƙarfi, ko kuwa titi ya fi gidan tudu yana turo ruwa ciki, a yanka 'yar kwata a gicciye daga wannan gefen ƙofa zuwa wancan, faɗin inci 6 zuwa 8, a rufe ta da ragar rodi wadda mota za ta iya hawa kuma hannu zai iya ɗagawa. Ita ma kwatar a ba ta nata gangaren zuwa ramin shanyewa ko zuwa lambatun gwamnati. A ƙarshenta a yi ɗan akwati mai zurfi inda yashi zai kwanta, a riƙa kwashewa.

Idan daɓen ya karkata zuwa bangon maƙwabci, a gina ɗan tudu mai tsawon inci 2 ko 3 a karkace, irin wanda ake yi a titi don rage gudun mota, ya juya ruwan zuwa inda ake so. Ko kuma a yanke tsiri a tsakiyar daɓen ko a gefen da ba gini, a cike da tsakuwa.

Idan akwai kwarin da ruwa ke kwanciya, a fasa wurin a sake zubawa. Shafa siririn siminti a kai ba ya daɗewa, ɓarewa yake.

LAMBATUN ƘOFAR GIDA

A nan ne aka fi yin zalunci ba a sani ba. Mutum na son motarsa ta hau ba gargada, sai ya cike lambatun da ke ƙofar gidansa da ƙasa ya zuba kankare a kai, ko ya binne ɗan siririn bututu. Lambatu na jama'a ne. Ranar da ka toshe shi, ruwan unguwa duka zai tsaya a ƙofarka ya koma gidajen da ke bayanka. Abin da ya dace shi ne a bar faɗinsa da zurfinsa yadda suke, a ɗora murafan kankare gunduwa-gunduwa waɗanda mutum biyu za su iya ɗagawa a yashe.

Haka nan al'adar nan ta fito da shara a zuba a kwata da zarar hadari ya haɗu, wai ruwa ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Bakin kwalbatin gaba zai kai ta, leda ta toshe, ruwa ya hau titi. Wanda ya yi haka ya ɗauke ƙazantarsa ne ya kai ƙofar ɗan'uwansa. Wanda kuma ya yashe kwata ya tara dagwalon a bakinta bai kwashe ba, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

IN KAI AKA CUTA

Kada ka tashi da dare ka toshe rariyar maƙwabcinka da buhun yashi, domin ba a gusar da cuta da cuta. Same shi cikin mutunci, ka yi sallama, ka kira shi ya ga bangon da idonsa lokacin da danshi ke jiki. Sau da yawa bai sani ba, aikin birkila ne. Ka zo masa da shawarar gyara, in da hali ka ce za ka taimaka da ƙarfinka. In ya ƙi, a sa dattawa ko liman, in ya faskara a je wurin mai unguwa, sa'an nan hukumar tsara gari ko kotu. In kuwa kai aka kawo wa ƙara, kada girman kai ya sa ka ce gidana ne, na yi abin da na ga dama. Buhun siminti biyu sun fi sauƙi a kan a tsayar da kai ranar Lahira saboda bangon marayu.

AIKIN DA MUKA BA KU

Kowane ɗalibi ya auna tsawo da faɗin rufin gidansu da daɓensu da mita, ya haɗa, ya ninka da 25, ya ga lita nawa ruwan inci 1 ke zubar masu. Sa'an nan ya bi ruwan da ƙafa daga bakin rariya har inda ya ƙare, ya lura ko akwai bangon da yake ci ko ƙofar da yake tarewa. Samarin kowane layi kuma su sa rana tun cikin watan Mayu, kafin ruwa ya kankama, su fito da shebur da baro su yashe lambatu, su kwashe abin da suka yaso zuwa juji. A fara da ƙofar tsofaffi da gidajen da ba namiji.

Allah Ya sa ruwan bana ya zama na albarka, Ya tsare mu daga ambaliya da rushewar gini, Ya kuma tsare mu daga ɗaukar haƙƙin maƙwabta. Wallahu a'alamu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.